"Da na sani" a Faransanci: tambayoyi da amsoshi kan jimlolin sharaɗi masu gauraya lokaci

Duk shekara in muka iso babin *si*, kalmar sharaɗi ta Faransanci, a aji, tambayoyin nan ne dai suke dawowa, masu yinsu ne kawai suke sauyawa. Wasu 'yan sakandare ne masu jiran jarrabawa, wasu 'yan kasuwa ne da ke safara tsakanin Kano, Maraɗi da Kwatano, wasu kuma takardar DELF, wato shaidar iya Faransanci, suke nema don su tafi karatu waje. Na gaji da maimaita amsa ɗaya sau goma ta waya, shi ya sa na zauna na tara su wuri guda. Wanda bai riga ya iya *imparfait* da *passé composé* ba, ya koma ya gyara su tukuna, don a kansu aka ɗora wannan gini.

Malam, me ake nufi da sharaɗi mai gauraya lokaci?

Bari mu fara da harshenmu, don abin da kake tsoro a Faransanci kullum kana faɗinsa da Hausa ba ka ma lura ba. Mutum ya makara a tasha, mota ta tafi ta bar shi, ga shi zaune a kan benci rana ta take, sai ka ji ya ce: "Da na kama motar asuba, da yanzu ina Damagaram." Dubi jimlar da kyau. Rabinta na farko zancen asuba yake yi, lokacin da ya riga ya wuce. Rabi na biyu kuwa zancen yanzu ne, wannan sa'ar da yake zaune yana cizon yatsa. Sharaɗin yana can baya, sakamakon yana nan a gabanmu. Gaurayar ke nan, babu wani sirri bayan wannan.

*Si j'avais pris le bus de cinq heures, je serais à Zinder maintenant.*

Bambancin kawai shi ne, Bahaushe da "da" biyu da kalmar "yanzu" ya gama aikinsa, Bafaranshe kuwa sai ya sauya sigar aikatau a kowane ɓangare kafin a gane wane lokaci yake nufi.

A tuna mana tsari ukun da ake fara koyarwa.

Na farko shi ne abin da zai iya faruwa, wato "in" ko "idan" namu. Bayan *si* a sa *présent*, ɗaya ɓangaren kuma *futur*, *présent* ko umarni: *Si tu viens, je te donnerai le livre.* In ka zo zan ba ka littafin.

Na biyu, abin da ba haka yake ba a yanzu, ko wanda da ƙyar ya faru nan gaba: *si* da *imparfait*, sai *conditionnel présent*. *Si j'avais une voiture, je t'emmènerais.* Da ina da mota, da na kai ka.

Na uku, abin da bai faru ba, kuma bakin alƙalami ya bushe: *si* da *plus-que-parfait*, sai *conditionnel passé*. *Si j'avais su, je ne serais pas venu.* Da na sani, da ban zo ba.

Gauraya tana faruwa ne tsakanin na biyu da na uku. A ɗauki kan wannan a haɗa da gangar jikin wancan.

To ita gauraya ta farko, yaya ake gina ta?

*Si* da *plus-que-parfait*, sannan *conditionnel présent*. Ita ce ta mutumin tasha, kuma ita ka fi ji a bakin mutane, domin yawancin nadamar ɗan Adam haka take: an yi sake jiya, ana ɗanɗana kuɗarsa yau.

*Si tu avais pris tes médicaments, tu irais mieux aujourd'hui.* Da ka sha maganinka, da yau ka ji sauƙi.

*Si nous avions acheté le mil après la récolte, nous ne le paierions pas si cher maintenant.* Da mun sayi gero da kaka, da yanzu ba mu sayensa da wannan tsada.

Masu son tarihi su suka fi kowa morar wannan tsari. Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a ƙasar Nijar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Ɗalibi zai iya cewa: *Si la capitale était restée à Zinder, Niamey serait peut-être une petite ville aujourd'hui.* Haka kuma iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, wadda Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kanta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904: *Si la frontière avait été tracée plus au nord, les élèves de Maradi étudieraient en anglais.* Ka ga shekara fiye da ɗari tsakanin sharaɗi da sakamako, jimlar kuma ba ta karye ba.

Sakamakon ma ba dole ya tsaya a yau ba, yana iya zarcewa gobe, domin *conditionnel présent* yana ɗaukar yanzu da nan gaba duka: *Si j'avais obtenu mon visa, je partirais demain.* Da na samu biza, da gobe ina hanya.

Kana iya ma jera sakamako biyu, ɗaya a baya ɗaya a yau, a ƙarƙashin sharaɗi guda: *Si j'avais écouté mon père, j'aurais fini mes études et je serais médecin aujourd'hui.*

Ta biyun fa? Ta yaya sharaɗin yanzu zai haifar da sakamako a baya? Ai ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya.

Tambaya mai kyau, kuma gaskiyarka a zahiri. Abin da ya warware ta shi ne, *imparfait* ɗin da ke nan ba wannan mintin kaɗai yake nufi ba. Yana nufin hali ne ko yanayi mai ɗorewa, wanda yake nan jiya, yake nan yau, kuma da alama gobe ma yana nan. Tsarin shi ne *si* da *imparfait*, sannan *conditionnel passé*.

*Si je parlais arabe, j'aurais compris ce qu'il a dit hier.* Da ina jin Larabci, da na gane abin da ya faɗa jiya. Jiya ban iya ba, yau ma ban iya ba.

*Si elle n'était pas si timide, elle aurait posé la question.* Ba don kunyarta ba, da ta yi tambayar.

A nan ne nake so a tsaya a yi nazari, don zaɓin sigar aikatau yana iya mayar da ƙorafi ya zama zagi. A ce yaron shagonka ya riƙe maka canji. In ka ce masa *Si tu avais été honnête, tu m'aurais rendu la monnaie*, ka tsayar da laifin a wannan rana: ranar nan ba ka yi gaskiya ba. In kuwa ka ce *Si tu étais honnête, tu m'aurais rendu la monnaie*, ka gaya masa cewa shi ɗin ba mai gaskiya ba ne, hali zanen dutse. Jimlolin biyu daidai suke a nahawu. Amma ta farko za a iya ba da haƙuri a wuce, ta biyu kuwa sai an kira manya.

Haka *Si j'avais été riche, j'aurais acheté ce terrain* ta bar ƙofa a buɗe, wataƙila yanzu Allah ya buɗa maka. *Si j'étais riche, j'aurais acheté ce terrain* kuwa ta tona asiri cewa har yau aljihun bai cika ba.

Ina rikicewa in zan rubuta. Akwai dabarar da zan bi?

Akwai. Ka daina haddace jimlar a dunƙule. Raba ta biyu, ka yi wa kowane rabi tambaya ɗaya: yaushe?

Rabin da ke ɗauke da *si*: in amsar ita ce "can baya, ya wuce", *plus-que-parfait*. In amsar ita ce "yanzu" ko "kullum", *imparfait*. Ɗaya rabin: in "can baya" ne, *conditionnel passé*, in "yanzu" ko "gobe" ne, *conditionnel présent*. Kowane rabi da agogonsa, ba ruwansa da na maƙwabcinsa. Da ka yi haka za ka ga tsari na biyu da na uku da gauraya biyun duka sun fito daga wannan tambaya guda, ba sai ka haddace dokoki huɗu ba.

A jarrabawa ka buɗe ido ka nemi ƙananan kalmomin da ke tona lokaci: *maintenant, aujourd'hui, encore, toujours, à l'heure qu'il est* suna jan ka zuwa yanzu, *hier, ce jour-là, à l'époque, l'an dernier* suna mayar da kai baya. Mai shirya tambaya ba ya sa su a banza.

Malaminmu ya ce *plus-que-parfait* ba ya tafiya sai da *conditionnel passé*. Ya yi kuskure ne?

Bai yi kuskure ba, ya dai ba ku abin da cikinku zai iya ɗauka a lokacin. Ba a ba jariri tuwo. A matakin farko ana koyar da tsari ukun kamar doka don hannu ya faɗa, gauraya kuma galibi sai an doshi matakin B2, na waɗanda suka yi nisa a harshen, ake buɗe ta. Inda nake da ja shi ne in malami ya ga jimla irin *Si j'avais étudié, je serais fonctionnaire aujourd'hui* ya ja mata jan biro don kawai ba ta cikin jadawalinsa. Wannan jimla lafiyarta ƙalau, kuma in aka mayar da ita *j'aurais été fonctionnaire* ma'anar ta kauce daga yau ta koma baya. In hakan ta same ka, ka je da ladabi bayan an tashi, ka nuna masa kalmar *aujourd'hui*. Kada ka yi a gaban aji.

Me ya sa *si j'aurais* yake zuwa bakina da kansa, alhali na san kuskure ne?

Ni ma sai da na sha kunya a kansa. Shekarata ta farko da koyon harshen, mushenmu, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a Nijar, ya tashe ni gaban allo ya ce in faɗi abin da zan yi da ina da kuɗi. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya: *Si j'aurais de l'argent, j'achèterais un vélo.* Bai ce uffan ba. Ya ɗauki alli ya rubuta SI babba a kusurwar allo, ya taka har ɗaya kusurwar ya rubuta RAIS, ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa kamar mai raba faɗa. Aji kuwa kamar jira suke, suka ɗauka baki ɗaya: *Les si n'aiment pas les rais!* Wato *si* ba ya son wutsiyar *-rais*. Alli ya zuba a kafaɗar rigarsa, ni kuma gumi ya zubo mini. Keken dai ban saya ba har na bar makarantar, amma ban sake wannan kuskure a rubuce ba.

Dalilin da ya sa yake kama mu, a ganina, yana cikin Hausar kanta. Mu "da" muke sawa a farko, mu sake sa "da" a tsakiya: da na sani, da ban zo ba. Kunnenmu ya saba da ɓangarorin biyu su yi anko. To in muka koyi cewa wutsiyar *-rais* ita ce alamar abin da bai faru ba, sai mu liƙa ta hagu da dama. Faransanci kuwa ya raba aikin: *si* da kansa ya riga ya nuna sharaɗi, don haka aikatau ɗin da ke bayansa ba ya ɗaukar *conditionnel*, ba ya kuma ɗaukar *futur*.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Yaran Faransa ma suna yi, manya ma wasu yana kuɓuce musu a hira, shi ya sa har aka yi wa dokar wannan 'yar waƙa. Amma kuskure ne da ake saurin ji, kuma ana auna ilimin mutum da shi, ko da bai kamata ba.

Amma na ga *s'il viendrait* a jarida da idona.

Ka gani, kuma daidai ne, domin wani *si* ne daban. Hausa ta fi Faransanci fayyace wannan wuri. Mu muna da "in" da "da" na sharaɗi, muna kuma da "ko" na tambaya, su kuwa duka *si* suke cewa.

*Je ne sais pas s'il viendra.* Ban sani ba ko zai zo.

*Elle a demandé s'il viendrait.* Ta tambaya ko zai zo.

Gwajin mai sauƙi ne: mayar da jimlar Hausa a zuciyarka. In "ko" ya zauna daram, *futur* da *conditionnel* suna da izinin shiga. In "idan" ko "da" ne ya zauna, ƙofa a rufe take.

Tunda an zo nan: *si* yana haɗiye wasalinsa ne a gaban *il* da *ils* kawai, a samu *s'il* da *s'ils*. A gaban *elle* da *on* yana nan yadda yake: *si elle, si on*. Wanda ya rubuta *s'elle* ya ƙirƙiro nasa.

Na kasa bambance *si elle était malade* da *si elle était partie*. Duka ba *était* ba ne?

Nan ne mutane da yawa suke zamewa, kuma yana shafar gauraya kai tsaye, don in ba ka gane sigar da ke gabanka ba, ba za ka san ko an gauraya ko ba a gauraya ba. A ta farko *était* shi ne aikatau ɗin kansa, *malade* sifa ce, saboda haka *imparfait* ne: da ba ta da lafiya. A ta biyu *était* ɗan rakiya ne kawai, ainihin aikatau shi ne *partir*, saboda haka *plus-que-parfait* ne: da ta tafi. Aikatau irin su *aller, venir, partir, arriver, rester, tomber, naître, mourir* da duk masu tafiya da *se* da *être* suke haɗa sigoginsu, sauran kuma da *avoir*.

Haka abin yake a ɓangaren sakamako. *Elle serait au marché* yanzu ne. *Elle serait allée au marché* baya ne.

Sai kuma a kula da dacewar jinsi da adadi, wadda kunne ba ya cika ji amma ido yana gani: *si elle était venue, si nous étions partis, si elle s'était levée tôt*. Da *avoir* kuwa sai in abin da aka yi wa aikin ya riga aikatau zuwa: *Ces lettres, si je les avais lues, je saurais quoi répondre.* Korewa kuma ɗan rakiyar take rungumewa: *si je n'avais pas vu, je n'aurais jamais accepté.*

Wani ɗan lungu da ya kamata a sani: *conditionnel passé* tare da *déjà* yakan nuna aikin da da ya kammala zuwa yanzu. *Si nous étions partis à l'aube, nous serions déjà arrivés.* Da mun yi sammako, da tuni mun isa. Sigar ta baya ce, amma idon mai magana a kan yanzu yake.

*Je serai* da *je serais*: a kunnena ɗaya suke.

A kunnen Faransawa da yawa ma kusan ɗaya suke. Littafi ya ce na farko da *é* yake ƙarewa, na biyu da *è*, amma kada ka dogara da wannan a lokacin shifta. Cire *je* ka sa *il*. In *il sera* ne ya dace, rubuta *serai*. In *il serait* ne, rubuta *serais*. A jimlar gauraya kullum mai *s* ɗin ne.

Me ya sa aka soke mini *Si tu es venu demain, je te donnerai l'argent*?

Saboda ka ɗauko Hausa ka sa mata rigar Faransanci. Mu muna cewa "in ka zo gobe", da sigar da ta yi kama da ta aikin da ya wuce, sai ɗalibi ya fassara "ka zo" da *tu es venu*. Faransanci *présent* yake so a nan: *Si tu viens demain*.

Ba wai *si* ba ya zama da *passé composé* ba ne. Yana zama, in ana nufin aikin ya riga ya kammala amma mai magana bai tabbatar ba: *Si tu as fini, tu peux sortir.* In ka gama, kana iya fita. *S'il a pris le bus de cinq heures, il est déjà à Zinder.* Kwatanta wannan da jimlar mutumin tasha. A nan ba mu sani ba, wataƙila ya kama motar. A can mun san bai kama ba. Wasu littattafan suna lissafa wannan ma cikin gauraya, tunda sharaɗi a baya yake sakamako a yanzu, amma babu "da na sani" a cikinsa.

Sannan "in" namu sau da yawa ba sharaɗi ba ne sam, lokaci ne. "In ka isa ka kira ni" ba shakkar isarka ake yi ba. Wannan *quand* ne, kuma shi yana karɓar *futur* hannu bibbiyu: *Quand tu arriveras, appelle-moi.*

Dole ne sai da *si*?

A'a. "Ba don" namu yana da takwara, wato *sans*: *Sans toi, je serais encore à l'hôpital.* Ba don kai ba, da har yanzu ina asibiti. Taimakon a baya aka yi shi, sakamakon yau ne, ga gauraya ba tare da aikatau na farko ba. Akwai *à ta place*, da ni ne kai: *À ta place, j'aurais refusé.* Akwai *sinon*: *Il m'a prêté de l'argent, sinon je serais à la rue.*

*Au cas où* shi ne ɗan tawayen gidan, *conditionnel* yake bi: *au cas où il viendrait*. *Même si*, wato "ko da", da *comme si*, wato "sai ka ce", dokar *si* suke bi, ba sa son *-rais*: *Même si tu m'avais prévenu, je serais dans la même situation. Il parle comme s'il avait tout vu.*

A hira kuma za ka ji an jefar da *si* gaba ɗaya an sa *conditionnel* a ɓangarorin biyu: *Tu me l'aurais dit, je serais venu.* Wannan karɓaɓɓe ne a magana, kuma shi ne ya fi kama da "da... da..." namu. Sharaɗinsa dai kada *si* ya leƙo.

Ina *j'aurais dû* ya shigo cikin wannan lissafi?

Shi ne "da na sani" tsantsa, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. *J'aurais dû partir plus tôt*, ya kamata a ce na tafi da wuri. *Tu aurais pu m'appeler*, ai da ka kira ni, da ɗan zargi a ciki. Sukan zo su share wa gauraya hanya: *J'aurais dû t'écouter, je n'en serais pas là.* Da na ji maganarka, da ban tsinci kaina a nan ba. Kada a manta da 'yar hular da ke kan *dû*, ita ta raba shi da *du* na *du pain*.

Buri kuma, irin "da ma", *si seulement* ne, kuma jimlar tana iya tsayawa ba sakamako: *Si seulement j'avais su!* In ka cika yi musu irin wannan, Faransawa za su ce maka *avec des si, on mettrait Paris en bouteille*, wato da "da a ce" har birnin Paris sai a ɗura shi a kwalba.

A wani tsohon rubutu na ga *s'il eût été*. Wannan kuma daga ina?

Daga adabin da. Sigar *plus-que-parfait du subjonctif* ce, wadda in ta zo a ɓangaren sakamako ake kiranta *conditionnel passé deuxième forme*. Tana iya maye gurbin *avait été* bayan *si*, tana iya maye gurbin *aurait été* a ɗaya ɓangaren, ko ta zauna a duka biyun. Misalin da aka fi sani shi ne na Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662 aka buga tunane-tunanensa a 1670, inda ya ce game da hancin sarauniya Kiliyofatara ta Masar: *s'il eût été plus court, toute la face de la terre aurait changé.* Da ya fi haka gajarta, da fuskar duniya duka ta sauya. Ka iya gane ta in ka gamu da ita a karatu, shi ke nan. In ka yi ta a kasuwar Yamai za a ɗauka wani abu ya taɓa ka.

Na ji wani ya ce *Si tu n'étais pas arrivé, il tombait*. Ba *il serait tombé* ya kamata ba?

Duka biyun daidai ne. *Imparfait* a wurin sakamako yana kawo abin kusa da ido, kamar yadda muke cewa "saura ƙiris ya faɗi". Mai magana yana nuna maka cewa faɗuwar ta riga ta kama hanya, zuwanka ne ya tare ta. *Une minute de plus et le bus partait sans nous.* Ka san da ita, amma a jarrabawar cike gurbi ka ba su *serait tombé* ɗin da suke jira.

In sharaɗin biyu ne fa?

Mafi sauƙi ka maimaita *si*: *Si tu avais travaillé et si tu étais plus patient, tu aurais ton diplôme.* Ka lura ma a nan sharaɗi ɗaya na baya ne, ɗaya na hali, kowanne da sigarsa. Akwai hanyar *et que*, wadda a ƙa'idar gargajiya *subjonctif* ke binta: *S'il vient et qu'il veuille me voir, appelle-moi.* Tana da kyau a rubutu, amma in ba ka da tabbas a kanta, *si* biyu ba su taɓa kayar da kowa ba.

Zan zauna DELF. Wannan zai fito?

Ba za a ce maka "cike gurbi da gauraya" ba, domin DELF ba ta da takardar nahawu ta daban. Sassa huɗu ne, saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25, ana neman 50 cikin 100, kuma kada ka gaza 5 a ko ɗaya. Nahawunka a cikin rubutu da magana ake auna shi. A B1 ana neman aƙalla kalma 160, a B2 kuma 250, sau da yawa wasiƙar ƙorafi ko ta jan hankalin hukuma. A irin wannan wasiƙa gauraya ɗaya da ta zauna daidai tana nuna ka mallaki harshen: *Si les travaux avaient été faits l'an dernier, notre rue ne serait pas inondée aujourd'hui.* Ɗaya ko biyu sun isa. Na taɓa duba rubutun gwaji na wata ɗaliba da ta cusa guda bakwai a shafi ɗaya, wasiƙar ta koma kamar zaman makoki.

A ba mu na gwaji.

Ga biyar. Rufe amsoshin da hannu, ka yi wa kowane rabi tambayar "yaushe?" kafin ka ɗora biro, kuma ka yi hattara, ba dukansu ne gauraya ba.

Da ka gaya mini jiya, da yau ba mu cikin wannan matsala.
Da tana jin Faransanci, da ta samu aikin bara.
In kin isa Yamai ki kira ni.
Ban sani ba ko zai yarda.
Ba don ruwan sama ba, da tuni mun isa.

Ta farko: *Si tu me l'avais dit hier, nous n'aurions pas ce problème aujourd'hui.* Ta biyu: *Si elle parlait français, elle aurait eu le poste l'an dernier.* Wanda ya rubuta *si elle avait parlé français* bai yi laifin nahawu ba, sai dai ya bar mu da zaton wataƙila ta koya daga baya, ko kuma ta iya amma ta ƙi yi a ranar. Ta uku: *Quand tu arriveras à Niamey, appelle-moi.* Ta huɗu: *Je ne sais pas s'il acceptera.* Ta biyar: *Sans la pluie, nous serions déjà arrivés*, in kuma matafiyan duka mata ne, a ƙara *e* kafin *s* ɗin ƙarshe: *arrivées*.